Ranar Da Muka Nemi Ganyen Magarya Muka Rasa

A watan Disambar bara Allah Ya yi wa baffana rasuwa a ƙauyenmu, wanda ke kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi, kaɗan bayan an wuce Bakori. Da asuba ya cika. Kafin hantsi ya dubi ludayi an fara shirin wanka, sai gwaggona, wato ƙanwarsa, ta ce a samo ganyen magarya. Aka tashi samari uku a kan babur. Dukkansu sun gama sakandare, ɗaya ma yana aji biyu a jami'a. Sun fi sa'a guda suna yawo a bayan gari, sannan suka dawo da rassa cikin buhu, hannuwansu duk karce.

Idon Gwaggo ya yi rauni, saboda haka ba ta wahalar da kanta da dubawa ba. Ganye ɗaya ta tsinka, ta shafa bayansa da babban yatsa, ta mayar cikin buhun.

"Wannan ta kura ce," in ji ta. Sai ta juyo wajena ta ce, "Dakta, ga 'yan bokonku nan."

Na ɗauki reshen na jujjuya shi. Ga ƙaya biyu-biyu, ga jijiyoyi uku a ganye, ga jajayen 'ya'ya. Da ni aka aika, da shi zan kawo. Shekara goma sha biyar ke nan ina koyar da labarin ƙasa, ina zana wa ɗalibai taswirar tsirran Afirka ta Yamma a allo, amma ban iya raba magarya da magaryar kura ba. Wani dattijo mai haƙar kabari ne ya fitar da mu kunya. Ya ce akwai guda ɗaya a gefen maƙabarta ta gabas, domin nan ne kaɗai garma ba ta shiga, mai feshi ma ba ya zuwa. Daga can aka tsinko, aka daka, aka yi wa Baffa wanka, muka kai shi makwancinsa kafin azahar.

Malamai sun ce idan ba a sami magarya ba sabulu ya wadatar, kuma babu wanda zai jinkirta jana'iza saboda ganye. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A garin da muka taso muna cika aljihu da magarya a hanyar makarantar allo, yau sai an je maƙabarta kafin a ga guda ɗaya, kuma cikin mutum huɗu masu takardar shaida babu wanda ya gane ta.

Bayan sadakar uku na zauna da Gwaggo da wannan dattijo, na kuma koma ga littattafai. Abin da na koya bai fi a faɗa wa yaro cikin minti goma ba, don haka bari in faɗa.

'Yan gida ɗaya ne su uku, masana suna kiran gidan nasu Ziziphus. Abin da ya haɗa su a bayyane yake. Ƙayarsu tana fitowa biyu-biyu a gindin ganye, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya, shi ya sa idan ta kama riga sai an koma da baya kafin ta saki. Reshensu yana tafiya a karkace, gwiwa bayan gwiwa. Ganyensu yana da manyan jijiyoyi uku da suka tashi tare daga gindi. Furensu ƙanana ne, ruwan ɗorawa mai ratsin kore, 'ya'yansu kuma ƙwallo ɗaya ne mai tauri a ciki.

Magarya, wato Ziziphus mauritiana, ita ce mai farin baya. Fuskar ganyenta kore ce mai sheƙi, bayansa kuwa fari ne ko ruwan toka, lulluɓe da gashi mai laushi kamar auduga. Wannan laushin Gwaggo ta nema da yatsa ta rasa. Yawanci magarya ba ta yin tsawo sosai, rassanta suna sunkuyowa ƙasa. Tana fure wajen ƙarshen damina, 'ya'yanta su nuna da hunturu, su yi ja-ja su bushe a jiki, ga zaƙi ga ɗan tsami. Kurna, wato Ziziphus spina-christi, ita ce babbar yaya. Itaciya ce sosai mai inuwa, rassanta ƙanana farare ne, bayan ganyenta ba shi da wannan farin gashi, 'ya'yanta sun fi girma da tsoka, kuma an fi ganin ta cikin gari da bakin kasuwa fiye da daji. Ita ce Larabawa suka fi sani da sidir, sunan da malamanmu suka fassara da magarya. Magaryar kura, Ziziphus mucronata, ganyenta ya fi faɗi, yana da tsini a baki, gindinsa a karkace yake, ɓari ɗaya ya fi ɗaya, kuma sumul yake gaba da baya. 'Ya'yanta suna da kyan gani, amma ɗaci gare su. Tana son bakin rafi da gindin suri. Wanda ya raɗa mata suna ya san abin da yake yi: abin da ya yi kama da na mutane amma ba ya ciyuwa, sai a bar wa kura.

Kunyar da na ji ran nan tana da wani tushe. Akwai wata ƙaya da na sani ciki da waje, sai dai ba tamu ba ce. Lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila, maƙwabcina wani tsoho ne da ya yi ritaya daga aikin gidan waya. Duk ƙarshen mako, daga watan Yuli zuwa Satumba, zai saɓa jaka ya ɗauki almakashi da tsofaffin jaridu ya bi shingayen gonaki. Wata rana na bi shi. Abin da yake nema wani tsiro ne mai 'ya'yan da suke kira bilakberi, masana kuma suna ce masa Rubus fruticosus. Ni dai na sa masa suna sarƙaƙiyar Turai, domin jikinsa irin na sarƙaƙiyarmu ne: dogayen rassa masu rarrafe da hawa kan juna, ƙaya a warwatse ko'ina a jikin reshe ba tsari, har ya zama kurmin da ko kare ba ya ratsawa. Bambancin shi ne sarƙaƙiyarmu ba ta ba yaro abin sawa a baka, ita kuwa wannan kyautarta irin ta magarya ce.

Dangin furen wardi ce. Reshenta yana tashi ya yi baka, idan bakinsa ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa ya zama sabon gindi, da haka take tafiya taki-taki har ta cinye fili. Shekara biyu reshe yake yi: ta farko girma, ta biyu fure da 'ya'ya, sannan ya bushe. Ganyenta a rarrabe yake, ƙananan ganye uku ko biyar a kan sanda ɗaya. Furen fari ne ko ruwan hoda. Kowane ɗa tarin ƙananan ƙwayoyi ne da aka cure wuri guda, yana farawa kore, ya koma ja, ya ƙare baƙi wuluk kamar nunanniyar ɗinya. Tana ko'ina a Birtaniya da yammacin Turai, a shinge da bakin daji da gefen layin dogo. A Afirka sai a wurare masu sanyi ake samun danginta, kamar tsaunukan Kamaru da na gabashin nahiyar. A ƙasar Katsina babu ita.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne tsohon nan ba ya ganin tsiro ɗaya. Yawancin waɗannan tsirrai suna yin iri ba tare da barbara ta gauraya jininsu ba, saboda haka 'ya takan fito sak uwarta, kowane ɗan bambanci ya tsaya da kansa ya zama zuriya. A Birtaniya kaɗai an rarrabe fiye da iri 300. Wani ana samun sa a faɗin ƙasar, wani bai wuce gunduma ɗaya ba. Tsohon yakan yanki tsakiyar reshen shekarar farko tare da ganye, ya duba ko reshen mai kusurwa ne ko mulmulalle, ko ƙayar ta miƙe ko ta lanƙwasa, ko bayan ganyen yana da farin gashi. Ashe tambayar da Gwaggo ta yi da yatsa ita ce tasa. Shi ya nuna mini ƙanwarta, Rubus caesius, mai raunin reshe da ganye uku-uku, wadda 'ya'yanta ke da ƙwayoyi kaɗan masu wani farin gari a jiki kamar an barbaɗa toka. Daga nan sai ya rubuta kwanan wata da wuri, ya danne samfurin cikin jarida.

Ba shi kaɗai ba ne. Ƙungiyar masu nazarin tsirrai ta Birtaniya da Ailan ta raba ƙasar gida-gida, kowane gida kilomita 10 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai suna bi suna rubuta abin da ya tsiro a ciki. Sun fitar da kundin taswira na farko a 1962, na biyu a 2002, na uku a 2023. Ita kanta sarƙaƙiyar an yi mata littafin kanta a 1988, wanda Edees da Newton suka rubuta, aka kuma yi mata kundin taswira a 2004. Da suka ɗora sabuwar taswira a kan tsohuwa, sai suka ga fiye da rabin tsirran ƙasarsu na asali sun ja baya tun daga shekarun 1950. Sun yi asara kamar yadda muka yi, har shingayen gonaki masu yawa suka tuge bayan Yaƙin Duniya na Biyu don manyan injuna su sami hanya, kafin su yi dokar kare shinge a 1997. Fifikon da suka yi mana ɗaya ne: suna iya nuna wurin da abu yake a da, da shekarar da aka daina ganin sa.

Mu fa? Idan ɗalibi ya tambaye ni yaɗuwar magarya, zan ce masa tana daga Senegal har Indiya, tana jure ƙasar da ruwanta bai kai milimita 400 a shekara ba, ta fi yawa a arewa wajen Daura da Damagaram, tana raguwa idan aka gangaro kudu inda ruwa ya kai milimita 1,000 kamar Funtuwa, inda kaɗanya da ɗorawa suka fi ƙarfi. Duk wannan gaskiya ne, amma bai gaya wa samarin nan uku inda za su nufa da babur ba. Tambayar da ke da amfani ita ce: tsakanin Ƙafur da Danja, a wace fadama, a wane burtali, gindi nawa suka rage? Amsar tana cikin kawunan tsofaffi, su kuwa kullum muna raka su maƙabarta ɗaya bayan ɗaya.

Kakanninmu sun bar mana tasu irin taswirar. Akwai Magarya a jihar Damagaram, akwai unguwar Kurna da ta Ɗorayi a Kano, akwai Rimi a nan jihar Katsina, ga ƙauyuka barjat masu suna Tsamiya da Marke da Kanya da Gawo. Kowane suna shaida ne cewa itacen ya taɓa tsayawa a wurin har ya zama alama. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, da ya fitar da littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, daga bakin mutanen ƙasa ya kwashe su. Kamus ɗin Bargery na 1934 ma cike yake da su. Ilimin namu ne, aka rubuta shi aka ajiye a ɗakunan karatu, mu kuma muka tura 'ya'yanmu makarantar da za ta koya musu sassan fure da Turanci ba tare da ta fita da su bayan aji sun taɓa ganye ɗaya ba. Ni ma ina cikin masu wannan laifi.

Yadda magarya ta ɓace a yankinmu ba asiri ba ne. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar noma ce tun da can. Auduga ta kawo injin gurza da jirgin ƙasa, wanda ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara, masara ta zama amfanin kasuwa, mutane da yawa suka yi arziki, mahaifina ma da kuɗin masara ya biya mini makaranta. Amma garmar shanu da tarakta ba sa shiri da kututture. Da fartanya ake noma, manomi yakan sare magarya da rani ya yi shinge da rassanta, kututturen ya sake tohowa da damina. Yanzu tuge shi ake yi gaba ɗaya. Jama'a ta ƙaru, gonar gado ta rabu kashi-kashi, saura ta ƙare, iyakar gona da a da take da faɗin taki uku ta koma kunya ɗaya. Burtali ya tsuke. Sannan maganin feshi ya zo, wanda ba ya tambayar sunan tsiro kafin ya ƙone shi.

Na faɗi wannan a gaban ƙanena, wanda shi ke riƙe da gonar gidanmu, sai ya yi dariya. Ya ce, "Yaya, kai da kake zuwa da mota sau uku a shekara. Ka taɓa biyan kuɗin facin tayar tarakta? Ka taɓa korar tsuntsaye daga dawa?" Ya ce kurmin ƙaya gidan maciji ne da gafiya, kuma kowane taki na ƙasa yanzu kwanon masara ne. Ya ƙara da abin da ya fi nauyi: tun da 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Dandume, musamman bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, duk wani duhuwa da ke kusa da gari abin tsoro ne, mutane da kansu suke sare shi don su riƙa hango mai zuwa. Ban da amsar da zan ba shi a kan wannan. Wanda yake kwana da kunne ɗaya a buɗe ba za a yi masa wa'azin kurmi ba.

Amma abin da nake roƙo bai kai kurmi ba. Gindi biyu ko uku ne a kusurwar gona, a sassabe su a bar reshe ɗaya ko biyu su miƙe su zama itace, ƙasansu fayau. Manoman Maraɗi sun yi haka tun daga shekarun 1980, suna kiran sa sassaben zamani, kuma da shi aka mayar da itatuwa a miliyoyin kadada na gonakin Nijar ba tare da an dasa ba. Su ma Hausawa ne, ƙasarsu ta fi tamu fari. Magarya kuma tana biyan kuɗin hayar wurin da ta tsaya. Awaki suna cin ganyenta lokacin da ciyawa ta ƙare, ƙudan zuma suna son furenta, rassanta shinge ne da ba a saya, 'ya'yanta suna da sinadarin bitamin C, mata suna auna su a kasuwa da gwangwani. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an yi wa magaryar gida aure da irin Indiya, irin su Gola da Umran, ana samun 'ya'ya manya da ake kira tuffar Sahel. Gindin da ake ɗora auren a kansa shi ne wannan da muke tugewa.

Sauran aikin namu ne, mu malaman makaranta. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma da kwalejojin ilimi suna neman batun binciken kammala karatu. Kowannensu yana da garinsu, kusan kowannensu yana da wayar da ke nuna wuri a taswira. Ɗalibi ɗaya ya ɗauki mazaɓa ɗaya, inda tsaro ya ba da hali. Ya nemi tsoho ko tsohuwa su zaga tare. Ya rubuta sunan da aka gaya masa yadda aka faɗa, ya ɗauki hoton ganye gaba da baya, ya danne samfur cikin jarida, ya sa kwanan wata da wuri, a kai ma'adanar busassun tsirrai ta jami'a a Samaru a tabbatar. Kada a ce za a yi duka tsirrai. A fara da goma da kowa ya san sunansu: magarya, kurna, magaryar kura, tsada, aduwa, sarƙaƙiya, ɗinya, kanya, taura, gwandar daji. Cikin shekara biyar za a sami taswirar da wani zai ɗora tasa a kai bayan shekara talatin. Tsohon ma'aikacin gidan waya bai fi mu kayan aiki ba. Almakashi ne da jarida da haƙuri.

Malamin firamare ma yana da rabonsa, kuma nasa ba ya bukatar ko sisi. Ya tsinko rassa uku ya ajiye a tebur, ya sa yara su rufe ido su shafa bayan ganye. Yaron da ya taɓa jin wannan laushi a yatsarsa ba zai manta ba har ya tsufa.

Ni na fara da kaina. A zangon karatun da ya wuce na shiga aji da buhu maimakon taswira. Cikin ɗalibai fiye da sittin, waɗanda suka raba ukun daidai ba su kai goma ba, kuma yawancinsu 'yan ƙauye ne da suka yi kiwo suna yara, irin waɗanda ba su cika ɗaga hannu a aji ba. Ran nan su suka koyar, na zauna ina saurare. Wata ɗaliba daga Musawa ta gyara mini wani abu a kan tsada, na rubuta.

Da na koma gida hutun Sallah na tarar ƙanena ya bar wani ɗan toho a kusurwar gonar Baffa, wajen tsohon suri, ya kewaye shi da duwatsu don kada masu feshi su taka. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Na durƙusa na juya ganyen. Bayansa fari ne, mai laushi. Na tsinki ɗaya na kai wa Gwaggo, ta shafa, ta ce, "To, Dakta, yanzu ka fara karatu."

Allah Ya jiƙan Baffa da dukkan magabatanmu, Ya sa idan tamu ta zo a sami wanda ya san ganyen da zai tsinko.